Fashin Baƙi: Yadda Ake Gane Sutura da Kayan Ado Masu Kare Muhalli da Haƙƙin Ma'aikaci

Ƙananan masu sana'ar sutura, jaka da kayan ado, waɗanda ba sa ƙarƙashin wani babban kamfani, sun yawaita a kasuwannin intanet. Kusan kowannensu kalamai iri ɗaya yake liƙa wa kayansa: ba ya cutar da muhalli, aikin hannu ne, an biya ma'aikaci haƙƙinsa. Wasu gaskiya suke faɗa. Wasu kuma har zuci sun yarda da abin da suke faɗa, amma ba su san inda yadin ya biyo kafin ya iso teburin yankansu ba. Ƙanƙantar sana'a ita kaɗai ba ta wanke kaya. Abin da ƙaramin mai sana'a ya fi babban kamfani da shi guda ɗaya ne: hannayen da kayansa ke bi ba su da yawa, don haka yana iya sanin su ɗaya bayan ɗaya in ya sa kansa.

Maganar ta ɗauki zafi ne bayan ranar 24 ga Afrilu, 2013, da ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Dhaka na Bangaladash, ya hallaka mutum 1,134, akasarinsu masu ɗinka wa manyan shagunan Turai da Amurka kaya. Da yawa daga kamfanonin da aka tsinci tambarinsu a cikin ɓaraguzan sun sha wahala kafin su tantance ko a can ake ɗinka musu. Wannan rashin sani shi ne cutar, kuma yana kama ƙarami kamar yadda yake kama babba.

A fara da zare. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yau foliyesta ne, wato ɗan uwan roba da ake samu daga man fetur. Wanda ake kira sabuntacce kusan dukkansa daga gorunan ruwa aka narke shi, ba daga tsofaffin tufafi ba, kuma da zarar gora ta zama riga, da wuya ta sake zama wani abu. Yana kuma zubar da ƙananan zarurruka a wajen wanki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2016 ya nuna wanki ɗaya na kilo 6 na yadin akirilik, wani ɗan uwan foliyesta, yana iya sakin zarurruka fiye da 700,000. Saboda haka sabuntaccen foliyesta ya fi dacewa da abin da ba a yawan wankewa, kamar jakar baya ko shafin cikin jaka, fiye da rigar da za a jiƙa kowane mako.

Auduga tana ruɓewa ta koma ƙasa, amma tana da nata alhakin. Tekun Aral na Asiya ta Tsakiya, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, akasarinsa ya ƙafe ne bayan da aka karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960. Audugar da aka noma ba tare da maganin ƙwari da takin zamani ba ta rage wa manomi guba, amma wannan bai nuna ba a yi mata ban ruwa ba. Tambayar ko ruwan sama ta sha ko na rani daban take.

A nan takardun shaida ke shigowa, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Tambarin GOTS, wato shaidar yadin da aka yi da zaren noma marar sinadari, yana buƙatar kashi 95 cikin 100 na zaren ya zama na noma marar sinadari kafin a kira yadin da wannan suna kai tsaye, ko aƙalla kashi 70 a mataki na biyu, sannan yana duba rini da yanayin aiki. Takardunsa iri biyu ne. Ɗaya tana nuna masaƙa ta cancanci yin irin wannan yadi. Ɗayar, takardar ciniki, ita ce ke nuna wannan bandir ɗin da aka sayar maka yana cikin wanda aka tantance. Masaƙa tana iya nuna ta farko ta sayar da yadi na gama-gari. Ko takardun ma sai an duba lambarsu, domin a 2020 hukumar GOTS da kanta ta bankaɗo takardun jabu na audugar Indiya da ta kai tan 20,000. Shi kuwa tambarin OEKO-TEX Standard 100 gwaji ne na ko akwai sinadari mai cutar da fata a jikin kayan da aka gama. Bai ce komai a kan gona ko albashi ba.

Yadin da ake tallatawa da sunan itacen gora, mai santsi kamar siliki, kusan kullum biskos ne: an narke ɓargon itacen da sinadarai, ciki har da kabon daisalfaid mai lahanta jijiyoyin ma'aikata, aka sake fitar da shi zare. A 2022 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci tarar Walmart da Kohl's jimillar dala miliyan 5.5 kan irin wannan talla. Layosel, wanda aka fi sani da sunan Tencel, shi ma daga itace ne, amma ana maido da fiye da kashi 99 na ruwan sinadarinsa a sake aiki da shi.

Wanda ya sayi ragowar yadin masaƙu, ba takarda ba tambari, yana da hanyar gwaji mai sauƙi. A zare 'yan zarurruka a kusanta su da wuta. Auduga da lilin suna ci da sauri, su yi warin takarda, su bar toka mai laushi. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, su bar baƙin dunƙule mai murƙushewa a yatsa. Foliyesta yana tsukewa ya guji wutar, ya narke, ya bar ƙwallo mai tauri. In ya yi toka kuma ya bar ƙwallo, gauraye ne.

Rini shi ne inda gizo ke saƙar, domin a nan ne kyakkyawar niyya ta fi haifar da mummunan kaya. Akasarin rinin tsirrai ba ya kama auduga sai da abin da zai ɗaure shi. Komai ana auna shi ne da nauyin busasshen yadi. A fara da dafa yadin awa ɗaya zuwa biyu a ruwa mai sabulu da sodar wanki kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, har ruwan ya yi ruwan ƙasa, saboda sabuwar auduga tana ɗauke da kakin halitta da sitacin masaƙa. Duk wanda ya tsallake wannan zai ga dabbare-dabbare. Sai a jiƙa shi a ruwan tanin, wato sinadarin baurin nan da ke cikin bagaruwa, ɓawon rumman da ɓawon wasu itatuwa, kamar kashi 8 zuwa 10. Bayan nan a sa shi a ruwan alimun, wanda wasu ke kira alif, kashi 12 zuwa 15, da ɗan soda kamar kashi 2. Yadin kilo ɗaya ke nan zai ci gram 100 na tanin da gram 150 na alimun kafin a zo maganar launi. Ulu da siliki ba sa buƙatar tanin, alimun kaɗai ya ishe su, sai dai kada ruwan ya tafasa ko a sauya musu zafi zuwa sanyi farat ɗaya, don ulu zai cukurkuɗe ya dunƙule.

Gishirin ƙarfe yana duhunta launi, ya mai da rawaya kore-kore, ya mai da tanin toka-toka ko baƙi, amma kada ya wuce kashi 1 zuwa 2. In ya yi yawa yana cin zaren, bayan 'yan watanni yadin ya fara yagewa a wurin ninki. Tsofaffin littattafan rini suna ba da shawarar kuromiyam, kuza da jan ƙarfe don launi ya yi haske. Waɗannan guba ne, musamman kuromiyam, kuma duk wanda ya zuba ruwansu a kwata bai da hujjar kiran rininsa mai tsafta.

Ba kowane tsiro mai launi ba ne abin rini. Kurkur yana ba da rawaya mai ɗaukar ido, amma rana tana koɗar da shi cikin 'yan kwanaki. Jan kabeji da 'ya'yan itace masu ruwan shunayya tabo kawai suke yi. Ɓawon rumman, ɓawon albasa, saiwar mada mai ba da ja, da baba, su ne masu jure wanki. Akwai kuma batun yawa: launi mai ƙarfi yakan ci busasshen tsiro rabin nauyin yadin ko daidai nauyinsa, alhali rinin kanti 'yan kaso kaɗan ne. Don haka rinin tsiro ya fi ma'ana in daga abin da za a zubar aka samo shi, ba daga saiwa ko ɓawon itacen da za a kashe ba.

Baba hanyarsa daban. Shuni ba ya narkewa a ruwa, sai an cire masa iskar oksijin a ruwa mai kaifin alkali. Masana'antu suna yin haka da sinadarin haidurosalfait. Akwai hanyar da marinin Faransa Michel Garcia ya yaɗa, mai sauƙin tunawa: awo 1 na garin shuni, awo 2 na farar ƙasa, awo 3 na sukarin 'ya'yan itace, a ruwa mai zafin digiri 50 ko kusa da haka. Tukunya ta nuna idan samanta ya yi kumfa shuɗi da wani yanayi mai ƙyallin jan ƙarfe, ruwan ƙasa kuwa ya zama rawaya-kore. A tsoma jiƙaƙƙen yadi a hankali don kada a shigar da iska, a murza shi a ƙarƙashin ruwa 'yan mintoci, a fito da shi. Zai fito kore, a gaban idonka ya rikiɗe shuɗi. A bar shi ya sha iska sosai kafin a mayar. Duhun launi daga yawan tsomawa yake zuwa. Mai gaggawar da ya cika shuni don ya gama a tsomi biyu, launin zai zauna a saman zare ne kawai, ya riƙa goga a fata da kujera. Gwajinsa: a goga farin ƙyalle mai danshi sau goma a kan busasshen yadin. In ya yi shuɗi sosai, aikin bai kammala ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa rinin kanti da aka yi a masana'anta mai tace ruwanta yana iya fin rinin tsiro da aka yi da ganganci tsafta. Abin tambaya a kowane hali shi ne ina ruwan ya tafi.

Fata ma haka take. Mafi yawan fatar duniya da gishirin kuromiyam ake jeme ta, don yana gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu, fatar ta fito da laushi da juriyar ruwa. Kuromiyam ɗin jima ba shi ne mai tsananin haɗari ba, amma in aka yi sakaci yana iya rikiɗewa zuwa nau'in da ke sa ƙaiƙayi da ciwon daji, shi ya sa Tarayyar Turai ta kayyade wannan nau'i a ƙasa da miligram 3 a kowane kilo na fatar da ke taɓa jiki. Unguwar Hazaribagh a Dhaka ta yi ƙaurin suna kan ruwan majemu da ke kwarara cikin kogin Buriganga, har aka tilasta musu tashi zuwa Savar a 2017. Jimar tsiro, da bagaruwa, ɓawon itacen mimosa ko na itacen oak, tana ɗaukar makonni, ta ramin ɓawon oak ma takan kai shekara. Sai dai kafin jima akwai cire gashi, wanda ake yi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, kuma kaso mai yawa na ƙazantar majema daga nan yake fitowa, ko da wace irin jima za a yi daga baya.

Ana gane bambancin a bakin yanka. Fatar jimar tsiro ruwan ƙasa ce ciki da waje, tana shan ɗigon ruwa ta yi duhu, tana riƙe siffar da aka lanƙwasa ta, kuma in ƙarfe ya taɓa ta da danshi sai ya bar baƙin tabo. Ta kuromiyam, in ba a rina ta har ciki ba, tsakiyarta shuɗi-toka ne. Ga baduku, jikin jaka yakan so kaurin milimita 1.5 zuwa 2, maɗauri kuwa 3 zuwa 3.5, a yanko shi daga gadon bayan fatar, domin ta wajen tumbi tana miƙewa. Ɗinkin allura biyu na hannu ya fi na keke a wurin da ke ɗaukar nauyi: in zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe, na keke kuwa warwarewa yake yi.

Masu gudun fatar dabba sukan koma ga fatar roba, a nan kuwa sau da yawa an gudu ne ba a tsira ba. Akasarinta yadi ne da aka shafe da robar foliyuritan ko ta PVC. Danshi da zafi suna karya foliyuritan, shi ya sa bayan shekaru ƙalilan jaka take fara saɓulewa a kusurwa da hannu, ba kuma gyara. Sababbin da ake yi da ganyen abarba ko ɓawon tuffa ma yawanci da roba a cikinsu ko a samansu. Tambayar da ta dace ita ce kashi nawa ne tsiro, kashi nawa ne roba. Kauraren yadin auduga da aka shafe da kaki, ko ɓawon itacen kwak, wanda ake yin marfin kwalba da shi, sun fi sauƙin bayani.

Ƙarafan jaka da kayan ado ƙanana ne, amma su ke fara kashe kaya. Ƙugiya da zoben da aka zuba da gaurayen tutiya suna karyewa farat ɗaya, ba sa ɗaukar walda. Tagulla zalla ko ƙarfe marar tsatsa suna daɗewa, kuma ana narke su a sake. Ruwan zinaren da kaurinsa bai kai rabin maikiron ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana gogewa cikin watanni. Wanda ake kira bamel a ƙa'idar Amurka azurfa ce mai lamba 925 da aka lulluɓe da zinare aƙalla maikiron 2.5. A ƙarƙashin ruwan zinare mai arha sau da yawa akwai nikel, shi ne ke sa kunne da wuya ƙuraje. Dokar Turai ta kayyade abin da zai fita daga ƙarfen a maikirogram 0.5 a kowane murabba'in santimita a mako, na abin da ke shiga huda kuwa 0.2. Shi kansa zinaren, ƙananan mahaƙa masu kama shi da zaiba, wato makuri, su ne babbar hanyar da wannan guba ke shiga iska a duniya, kuma yana cikin dalilan Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka yi don rage zaiba. Tsohon zinare da aka narke, ko mai shaidar Fairmined ta ƙananan mahaƙa masu bin ƙa'ida, su ne zaɓin da ake iya bin sawunsu.

A teburin yanka, kamar kashi 15 cikin 100 na yadi yakan faɗi ƙasa. Ana rage shi ta hanyar zana samfuri daidai da faɗin yadin, da jera manyan awo da ƙanana tare, da fitar da aljihu da kwala daga gibin da ya rage. Kafin yanka a gwada tsukewa: a zana murabba'i na santimita 50, a wanke yadda mai saye zai wanke, a sake aunawa. Auduga takan ja kashi 3 zuwa 5, lilin ya fi haka. Rigar da ta tsuke a wankin farko ta zama shara, komai tsaftar zarenta.

Sai haƙƙin mai ɗinki, wanda ya fi komai sauƙin faɗa da wuyar nunawa. Mafi ƙarancin albashi na doka daban yake da albashin da zai ciyar da iyali, ya biya haya, magani da makaranta. A ƙasashe da dama masu ɗinka wa duniya kaya tazarar tana da faɗi. Ƙaramin mai sana'a yakan biya ne a kan kowace riga, kuma a nan zalunci ke ɓuya ba tare da an yi niyya ba. Lissafin ba shi da wuya. Kwana 26 na awa 8 minti 12,480 ne. Ba duka ake ɗinki a cikinsu ba, akwai sauya zare, gyaran keke, guga da jiran yanka, don haka a ɗauki kashi 70, wato minti 8,736. In riga tana cin minti 90, tela zai fitar da 97 a wata. A raba albashin da zai ishe shi rayuwa gida 97, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin ladan riga ɗaya. Duk abin da ya gaza haka, da tsawon dare tela zai cike shi. A auna mintocin da agogo a hannun matsakaicin tela, kada a ɗauki na wanda ya fi kowa sauri.

Aikin duwatsu, surfani da saƙar hannu su suka fi buƙatar sa ido, domin su ake kaiwa gidaje ta hannun 'yan tsakiya. Mai aikin ba ta da takarda, ba ta san wa take yi wa ba, in aiki ya matse kuma yara ne ke taya ta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya ta musamman a kan masu aiki a gida a 1996, amma ƙasashe kaɗan ne suka rattaba mata hannu. Mai sana'ar da ke kiran kayansa aikin hannu ya kamata ya san sunan mai hannun, ya san nawa ya isa gare ta bayan ɗan tsakiya ya cire nasa, ya kuma biya wani kaso tun kafin a fara, don kada ita ce ta ci bashin zare.

Duk wannan ƙoƙari yana rataye ne a kan sau nawa za a sa kayan. Ƙungiyar WRAP ta Birtaniya, mai aikin rage shara, ta ƙiyasta a 2012 cewa ƙara wa tufa wata tara na amfani yana rage hayaƙi, ruwa da sharar da ke tattare da ita da kashi 20 zuwa 30. Ana ganin tsawon ran riga in an juya cikinta: ɗinki 4 zuwa 5 a kowace santimita, rarar yadi ta santimita 1.5 ko fiye a gefe don a iya buɗawa, bakin yadi a naɗe ba a bar shi yana zarewa ba, ƙarin ɗinki a bakin aljihu da ƙarshen zif, da maɓalli na ajiya. Yin kaya bayan an karɓi oda yana hana tarin da ba a sayar ba, matsalar da ta kai Faransa ga haramta lalata sababbin tufafin da suka yi kwantai daga 2022.

Ƙarshen tufa kuwa tun a wajen zane ake yanke shi. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na zaren duniya ne ke fitowa daga tsofaffin tufafi, wasu daga cikin tufafin da aka zubar kuwa ana ganinsu jibge a hamadar Atacama ta Chile da gaɓar tekun Accra, inda rarar kasuwar gwanjo ta Kantamanto ke ƙarewa. Babban abin da ke hana sabuntawa shi ne gauraye: ɗan zaren roba mai miƙewa a cikin auduga, shafi mai gam a kwala, zanen roba a ƙirji. Rigar lilin da aka ɗinka da zaren foliyesta, in aka binne ta, yadin zai ruɓe ya bar ƙwarangwal ɗin ɗinkin a cikin ƙasa. Wanda ke son tasa ta ruɓe duka sai ya ɗinka da zaren auduga ko na layosel, ya ɗan sassauta ɗaurin keken don irin wannan zare ya fi saurin tsinkewa, ya sa maɓallin itace, ƙaho ko ƙwaryar kwakwa, ya kuma buga bayanin wanki a jikin ƙyallen auduga maimakon na nailan.